Daga Gindin Dala Zuwa Duwatsun Riruwai: Darasi a Kan Daji da Ruwa

Gabatarwa

Ɗalibin da ya tashi a unguwar Gwammaja ya san dutse tun yana ƙarami, domin kuwa Dala na tsaye kusa da gidansu, ga kuma Goron Dutse can gaba kaɗan. Ya kuma san darajar ruwa, don da wuya rana ta fito ta faɗi bai ga mai garuwa yana tura kura cike da jarkoki ba. Abin da galibi bai sani ba shi ne dangantakar da ke tsakanin dutse da itace da ruwan da ke cikin jarkar. Littafin aji yakan yi bayanin zagayen ruwa da zane da kibiyoyi, amma zane ba ya jiƙa ƙafa. A kudancin Jihar Kano, cikin Ƙaramar Hukumar Doguwa, akwai duwatsu masu daji da ƙoramu masu zubowa daga sama, inda ɗalibi zai ga wannan zagaye da idonsa cikin yini guda. Wannan darasi zai bi hanyar da ta tashi daga Gwammaja zuwa can, a tsaya a duk inda akwai abin lura, sa'an nan a biyo ruwan a ga inda yake ƙarewa.

Kafin a Bar Gari

Ya kamata tafiyar ta fara da hawan Dala. Tsayinsa mita 534 ne daga doron teku, amma da yake birnin kansa yana kan kimanin mita 480, hawan ba ya ɗaukar fiye da 'yan mintoci. Saman dutsen marmara ce mai ɗauke da tamar ƙarfe, kuma taurinta ne ya hana ruwan sama cinye shi kamar yadda ya zaizaye ƙasar da ke kewaye. Wannan tama ce ta jawo maƙera suka zauna a wurin tun wajen ƙarni na bakwai na Miladiyya.

Daga kan Dala ana hango Kasuwar Kurmi, kuma sunan nan kansa darasi ne. Tarihin Kano ya ambaci wani kurmi mai suna Jakara, wanda ruwa baƙi ya kewaye, mutanen farko suna girmama shi, ba a sarar itacensa. A gefensa ne Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499, ya kafa kasuwa. Kurmin ya tafi, sunan ya zauna. Ita kuwa Jakara ta koma magudanar ƙazantar birni, daga baya ma aka rufe wani sashenta aka shimfiɗa titi a kai. Yana da kyau ɗalibi ya riƙe wannan hoto a zuciyarsa, domin zai buƙaci abin da zai kwatanta da ƙoramar da zai tarar a Riruwai.

Abin da Ake Gani ta Tagar Mota

Daga Kano ana bin hanyar Zariya, a ƙetare gadar Tamburawa kusa da inda Kogin Kano da Kogin Challawa suke haɗuwa, a wuce Kura da gonakin rani na Kadawa, har Kwanar Ɗangora. A nan ake karkata a kama hanyar Jos ta Tudun Wada. Malami mai hikima ba zai bar ɗalibai su yi barci a wannan sashe ba. Sai ya sa kowa ya riƙa rubuta sunan itacen da ya fi yawa a kowane zango.

A kewayen Kano abin da za a gani shi ne kuka da tsamiya da ɗorawa da gawo, a warwatse cikin gonaki, sai darbejiya wadda baƙuwa ce daga ƙasar Indiya. Waɗannan ba daji ba ne, itatuwa ne da manomi ya zaɓa ya bari saboda amfaninsu. Gawo ya isa misali: yana kakkaɓe ganyensa da damina, lokacin da gero ke bukatar rana, ya kuma yi toho da rani, lokacin da dabbobi ke neman abinci da inuwa. Da an wuce Tudun Wada sai kuka da gawo su fara ƙaranci, kaɗanya ta yawaita, gamba ta ƙara tsawo, itatuwa masu faɗin ganye su matso kusa da juna. Dalilin wannan sauyi ruwan sama ne. Birnin Kano yakan sami milimita 800 zuwa 900 a matsakaiciyar shekara, alhali kudancin jihar yana haura 1,000, damina kuma ta fi daɗewa a can. Milimita ɗaya na ruwan sama daidai yake da lita ɗaya a kan fili mai faɗin mita ɗaya da tsawon mita ɗaya. Ke nan rarar milimita 200 na nufin ƙarin lita 200, wato jarka goma mai cin lita 20, a kan kowane ɗan fili da bai kai girman tabarma ba.

Dajin Falgore

Kimanin kilomita 150 daga Kano hanya take ratsa Dajin Falgore. Faɗinsa ya kusa murabba'in kilomita 1,000, ya kuma taɓa ƙananan hukumomin Tudun Wada da Doguwa da Sumaila. Turawan mulkin mallaka ne suka keɓe shi a shekarun 1940 da sunan gandun dajin Kogin Kano, aka mayar da shi gandun namun daji a shekarun 1960. Sunan farkon ya fi bayyana aikinsa, domin Kogin Kano ta cikinsa yake ratsawa.

Itacen da ya mallaki irin wannan daji shi ne doka. Masana tsirrai na duniya suna kiransa Isoberlinia doka, wato sunan Hausa ne ya shiga littattafan kimiyya ya zauna daram. Wannan ba abin mamaki ba ne, domin masu binciken farko daga bakin mafarauta da masu magani suka koyi itatuwan ƙasar nan. Ɗaya daga cikinsu, wani likita mai suna J. M. Dalziel, ya wallafa ƙamus na sunayen tsirrai da Hausa a 1916, har aka saka wa hano sunansa a kimiyyance. Tare da doka akwai maje da marke da taura da baushe da ƙirya da madobiya. Abin da ya haɗa yawancinsu shi ne juriyar gobara. Ɓawonsu kauri gare shi, suna zubar da ganye da rani, kuma ko an sare su ko wuta ta cinye samansu, saiwar na nan da rai a ƙasa, sai ta sake tofowa. Ɗalibi ya sa hannu ya shafa ɓawon taura ko na baushe, ya kwatanta da na gwanda a gida, zai gane bambancin itacen da ya saba da wuta da wanda bai san ta ba.

Idan aka gangara bakin rafi sai daji ya sake kama. Nan ne kurmi, siririn daji mai duhu da ke bin gaɓar ruwa kamar zare. Itatuwansa, irin su malmo da kanya da ɗinya da baure da maɗaci, suna samun danshi duk shekara, don haka da yawansu ba sa tsiraita da rani. Akan tarar da gora a gefe, da kurangar daji tana hawa rassa. Taku ashirin kacal ke raba zafin rana da sanyin kurmi. Wanda ya zo da ma'aunin zafi ya auna a fili ya kuma auna a inuwar kurmi a sa'a guda, ya rubuta abin da ya samu. Irin wannan wuri ne Jakara take kafin birni ya haɗiye ta.

Game da namun daji, kada malami ya yi wa ɗalibai alkawarin da daji ba zai cika ba. Farauta da kiwo da sara sun rage manyan dabbobi ƙwarai. Abin da ake iya sa rai a kai shi ne birai da tsuntsaye da sawun gada a bakin ruwa. Sawu da kashi da ragowar 'ya'yan itacen da aka ci su ma shaida ce, kuma karanta su ilimi ne mai zaman kansa.

Hawan Dutse

Bayan Falgore ƙasa takan fara tashi, duwatsun Riruwai su bayyana. Su ne mafi tsawo a Jihar Kano, ƙololuwarsu ta kai kimanin mita 1,200, kusan daidai da garin Jos. Asalinsu narkakken dutse ne da ya taso daga cikin ƙasa ya daskare shekaru miliyan 150 zuwa 200 da suka wuce, a wani jeri na duwatsu da ya miƙe daga Azbin a Jamhuriyar Nijar har ya wuce Jos. Wannan narkakken dutse ne ya zo da kuza, wadda ta sa aka san Riruwai a tarihi tun kafin zuwan Turawa, lokacin da ake narka ta ana fatauci da ita.

Abu na farko da mai hawa zai ji a jikinsa shi ne sanyi. A bisa matsakaicin lissafi, zafin iska yana raguwa da digiri 6.5 a duk hawan mita 1,000. Tsakanin Gwammaja da ƙololuwar Riruwai akwai tazarar kimanin mita 720, wanda ya ba da ragin kusan digiri 5. Mutum zai iya tambaya, me ya sa wanda ya matsa kusa da rana zai ji sanyi? Amsar ita ce rana ba iska take fara gasawa ba, ƙasa take gasawa, ƙasar ce ke ɗumama iskar da ke kanta. Idan iskar ta tashi sama, nauyin da ke danne ta ya ragu, sai ta buɗe, buɗewar kuma ta sanyaya ta. Wannan sanyi ne ya sa Turawan Ingila suka riƙa gina wuraren hutawa a kan tsaunuka a ƙasashen da suka mallaka, kamar Shimla a Indiya, a nan kuma suka mayar da Jos wurin shan iska.

Sanyin yana da wani sakamako da ya fi hutawa muhimmanci. Da damina iska mai ɗauke da tururin ruwa tana busowa daga kudu maso yamma, daga Tekun Atilantika. Idan ta ci karo da dutse dole ta hau, in ta hau ta yi sanyi, iska mai sanyi kuwa ba ta iya riƙe tururi da yawa. Sai tururin ya dunƙule ya zama gajimare, gajimare ya zama ruwa. Saboda haka ne Jos ke samun kimanin milimita 1,400 a shekara. Dutse ba ya ƙirƙirar ruwa, tatsar iska yake yi.

A kan falalen dutse akwai darasin da ake yawan takawa a wuce. Tabo-tabon nan masu launin toka ko ruwan ɗorawa da ke manne da dutse, kamar an watsa fenti, halittu ne masu rai da ake kira laikin. Kowane ɗaya haɗin gwiwa ne tsakanin gansakuka da wani dangin naman kaza: gansakuka na haɗa abinci da hasken rana, abokin zamanta na riƙe danshi yana kuma fitar da sinadarin da ke cin dutse sannu a hankali. Garin dutsen da ƙurar hunturu da matattun ƙwayoyin halitta su taru a tsaga, ciyawa ta samu wurin kamawa, bayan ciyawa sai tinya da hano da kukkuki, a ƙarshe baure ya cusa saiwarsa cikin tsagar ya ƙara buɗa ta. Haka ƙasa ke samuwa, kuma ana ƙiyasta cewa santimita ɗaya yakan ci ɗaruruwan shekaru. Wannan adadi ne da ya kamata a tuna da shi idan aka zo maganar zaizaya. A cikin kogunan duwatsu irin waɗannan ne kuma rema ke zama, dabba mai kama da gafiya marar wutsiya, wadda binciken ƙwayoyin gado ya nuna ta fi kusa da giwa a dangantaka fiye da kowane irin ɓera.

A Gindin Mafaɗar Ruwa

Mafaɗar ruwa ita ce inda ƙorama ta iso bakin dutse ta zubo ƙasa a tsaye. A yankin Riruwai an fi sanin ta Zainabi. Wanda ya ci gaba kudu zai sami manya a gefen tsaunin Jos, irin su Assop a Hawan Kibo, da Matsirga kusa da Kafanchan mai tsawon kimanin mita 30. Dukkansu hanyar samuwarsu ɗaya ce. Ruwa yana cin dutse mai laushi ko mai tsaga da sauri fiye da dutse mai tauri, sai a sami mataki a inda biyun suka haɗu. Ruwan da ke faɗowa yana juya tsakuwa a gindi kamar taɓarya a turmi, har ya haƙa tafki mai zurfi. Ƙarfin ba ƙarami ba ne: lita 1,000 da ke faɗowa a kowace daƙiƙa daga tsawon mita 30 na ɗauke da ƙarfin da ya kusa kilowat 300. Irin wannan lissafi ne ya sa aka kafa tashar lantarki a Kurra wajen 1930 don ma'adinan kuza na Jos.

Ga mai nazarin halittu, farin kumfar nan ita ce abin kallo. Ruwa na gauraya da iska yana shan oksijin, kuma ruwa mai sanyi ya fi mai ɗumi riƙe ta: kimanin miligiram 9 a lita idan zafinsa digiri 20 ne, amma 7.5 kawai a digiri 30. Feshin da ke tashi yana jiƙa duwatsun gefe dare da rana, shi ya sa ake samun gansakuka mai laushi da tsirrai masu ganye kamar gashin tsuntsu, waɗanda ba sa fure ba sa iri, kuma ba sa iya hayayyafa sai da danshi. Idan aka ɗaga dutse daga cikin ƙoramar aka juya shi, za a ga 'ya'yan ƙwari iri-iri, wasu shimfiɗaɗɗu kamar an danne su, wasu da ƙugiya a ƙafa, wasu sun gina wa kansu kube da yashi. Kowace siffa dabara ce ta hana ruwa tafiya da su. Yawancin waɗannan ba sa rayuwa a gurɓataccen ruwa, don haka masana ke amfani da su wajen auna lafiyar kogi. A kwatar Jakara ba za a same su ba, sai jajayen tsutsotsi da 'ya'yan sauro masu jure ƙarancin oksijin. Bayan an duba, a mayar da dutsen yadda aka same shi.

Amma ba kowane mazaunin ruwa mai gudu ne abin so ba. Akwai wani ɗan baƙin ƙuda mai doro, wanda bai kai ƙwayar shinkafa ba, da ke sa ƙwai a kan duwatsu da ganyayen da ruwa ke duka. Macen tana shan jini da rana, kuma ita ke ɗaukar tsutsar da ke haddasa makantar bakin kogi daga mutum zuwa mutum. Tsutsar na zama a ƙarƙashin fata shekaru goma ko fiye, tana haifar 'ya'ya dubbai masu yawo cikin fata da ido, su jawo ƙaiƙayi mai tsanani, a ƙarshe makanta. Wannan cuta ta tayar da garuruwa daga ƙasa mai albarka a Afirka ta Yamma. Daga 1987 aka fara raba maganin ibamektin kyauta, waɗanda suka gano shi kuma suka sami kyautar Nobel a 2015. A farkon 2025 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar da cewa Nijar ta rabu da cutar, ita ce ƙasa ta farko a Afirka. Baƙon yini ɗaya haɗarinsa kaɗan ne, domin cutar na bukatar cizo mai yawa na tsawon lokaci, amma dogon wando da riga mai dogon hannu ba su da tsada. Abin lura kuma shi ne ruwa mai kwanciya yana da tasa cutar: katantanwar da ke ɗauke da tsargiya a tafkuna da magudanan noman rani take zama. Gudun ruwa ko kwanciyarsa shi ke zaɓen wanda zai zauna a ciki.

Ina Ruwan Yake Zuwa?

Da yawa daga ƙoramun wannan yanki Kogin Kano suke faɗawa. Kogin ya ratsa Falgore ya shiga madatsar Tiga, wadda aka gina tsakanin 1971 da 1974 a zamanin Gwamna Audu Baƙo, mai iya riƙe ruwan da ya kusa mita kubik biliyan biyu. Daga Tiga ake shayar da gonakin Kadawa, ake kuma sako ruwan da matatar Tamburawa ke tacewa ta tura birni. Saura ya wuce ya zama Kogin Haɗeja, ya malala a fadamun Haɗeja da Nguru, abin da ya tsira ya nufi Tafkin Chadi. Ba dukan ruwan birnin ne ke fitowa daga nan ba, akwai na Challawa da Watari da na rijiyoyin burtsatse, amma babban kaso na ruwan famfon Kano da tumatirin da ake sayarwa a kasuwanninta da rani daga waɗancan duwatsu suka faro.

A nan ne aikin daji yake. Ɗigon ruwan sama yana faɗowa da ƙarfin da zai farfasa dunƙulen ƙasa, ya toshe ƙofofinta. A ƙarƙashin itace, ganye ne ke tare dukan, busasshen ganyen da ke ƙasa ya rage gudun ruwan, ramukan gara da na tana da na matattun saiwoyi su zama hanyoyin da zai bi ya nutse. Ruwan da ya nutse ba ya ɓata, yana tsattsafowa a hankali cikin makonni da watanni, shi ne ke riƙe ƙorama bayan ɗaukewar damina. Idan aka sare dajin aka ƙone shi, ruwan zai gangaro gaba ɗaya cikin sa'o'i kaɗan, ja wur, ɗauke da ƙasar da ta ci ɗaruruwan shekaru tana taruwa. Lakar ba ta da wurin zuwa sai gindin Tiga, kuma duk tifa ɗaya ta laka da ta kwanta a can ta ci wurin tifa ɗaya ta ruwa. Tare wannan laka na cikin manyan dalilan da suka sa ake kiyaye Falgore.

Sai dai a yi hattara da maganar da ake yawan yi cewa yawan itace shi ne yawan ruwa. Itace ma mashayi ne, yana zuƙo ruwa da saiwa ya fitar ta ganye. Wani bincike da aka yi a gonakin kaɗanya na Sapone a Burkina Faso, aka wallafa a 2016, ya nuna cewa ruwa ya fi nutsewa ƙasa a inda itatuwa suke da matsakaicin yawa, fiye da fili tsirara, fiye kuma da inda suka cunkushe. Abin da daji ke gyarawa shi ne lokacin zuwan ruwa da tsabtarsa. Ga mai madatsa da mai matata, waɗannan biyu su ne komai.

To, wane ne ke sarar dajin? Yana da sauƙi a ɗora laifin a kan mutanen ƙauye, amma motocin itace da gawayi birni suke nufa. Wani bincike da malaman Jami'ar Bayero suka gudanar a shekarun 1980, aka buga a 1990, ya gano cewa manoman kewayen Kano suna adana itatuwan gonakinsu da kyau, itacen girkin birni kuwa daga dazuzzuka masu nisa ake kawo mafi yawansa. Marke da ƙirya, waɗanda gawayinsu ya fi daɗewa a murhu, su aka fi bi. Madobiya kuma kasuwar katako ta ƙasar Sin ta yi mata irin cin da ya sa aka shigar da ita cikin jerin itatuwan da ake taƙaita cinikinsu tsakanin ƙasashe daga 2017. Buhun gawayin da aka sauke a Gwammaja da jarkar mai garuwa, ashe, lissafinsu ɗaya ne.

Shirin Tafiya

Lokacin da ya fi dacewa shi ne daga ƙarshen Satumba zuwa Nuwamba, sa'ad da ƙoramu ke da ruwa, hanya ta bushe, ba a kuma fara ƙonar daji ba. Maganar tsaro ita ce kan gaba. Daga wajen 2015 Falgore ya yi ƙaurin suna saboda ɓarayin shanu da masu satar mutane, har aka kafa wurin horar da sojoji a cikinsa. Saboda haka kada makaranta ta ɗebi ɗalibai sai ta sami izinin iyaye da na hukumar ilimi, ta tuntuɓi ma'aikatan gandun daji da jami'an tsaro da hakimin yankin a makon tafiyar, ta kuma ɗauki ɗan jagora daga mutanen wurin. In aka ce a dakata, a dakata. A shiga da hantsi, a fito kafin la'asar.

A bakin ruwa, dutse mai gansakuka ya fi sabulu santsi, kuma tafkin gindin mafaɗa yana da zurfi da juyi ko da samansa ya kwanta. Kada a bar kowa ya yi iyo a ciki. Idan aka ga hadari a kan tsauni, ko ruwan ƙorama ya fara yin ja, a bar kwarin nan take, domin ambaliya kan iso daga ruwan da aka yi a wani wuri, alhali rana na haskawa a inda ake tsaye. A sa takalmi rufaffe, kada a cusa hannu cikin rami ko ƙarƙashin dutse a tudu, saboda kububuwa da kasa da kunama. In tsautsayi ya sa maciji ya sari wani, ba a tsaga wurin, ba a tsotsa, ba a ɗaure shi tamau. A cire zobe ko agogo, a hana gaɓar motsi, a ɗauki mutumin zuwa asibiti da gaggawa.

Makarantar da ba ta sami halin tafiya ba tana iya kawo darasin cikin harabarta. A sami robobin ruwa manya guda biyu, a yanke gefen kowace a tsaye ta zama kamar kwalekwale. A cika ɗaya da ƙasa tsirara, ɗayar kuma da ƙasar da aka yanko da ciyawarta aka rufe da busasshen ganye. A jingina su a kan bulo su karkata daidai wa daida, a ajiye kofin gilas a bakin kowace. Sai a huda gindin gwangwani da ƙusa, a zuba wa kowace lita ɗaya ta cikinsa daga tsawo guda. Ɗalibai su rubuta daƙiƙar da ruwa ya fara fita, da yawan da ya taru a kofi, da launinsa. A bar kofunan su kwana, da safe a auna kaurin lakar da ta kwanta a gindin kowane da abin awo, a kuma tona ƙasar robobin biyu da yatsa a ga wadda har yanzu take da danshi.